RX 580 na hannu yana ɗauke hoto a tsakiyar wasa: saiti ne ko katin ne ya gaji?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman taimako. Makon jiya na sayi katin girafik na hannu, RX 580 mai 8GB, na ɗora a kan kwamfutata mai i5-4570 da RAM 8GB. In ina aikin rubutu ko kallon bidiyo lafiya lau. Amma da na shiga GTA V, minti 15 zuwa 20 sai allon ya yi baƙi ƙirin, fankokin katin su ɗau ƙara kamar injin niƙa. Sautin wasan yakan ci gaba na ɗan lokaci sannan shi ma ya mutu. Sai na danne maɓallin kashewa. Da rana abin ya fi tsanani, da daddare nakan kai minti 40. Wanda ya sayar min ya ce saiti ne ban iya ba. Wane saiti ne wannan don Allah?

Oga Gem: Wa alaikumus salam. Ƙanena, wuta ce ba ta isar katin. Buɗe manhajar AMD, ka shiga wajen Tuning, ka ja Power Limit ya kai +50. Sannan ka shiga rajistar Windows ka mayar da TdrDelay 10. Na'ura shida gare ni a shago, yara na buga ƙwallo a kansu tun safe har dare, haka nake musu.

Baba Mai Gyara: Kada ka taɓa ko ɗaya daga cikin biyun nan tukuna, yarona. Oga Gem, ka yi haƙuri, amma maganin da ka ba shi in bai dace da cutar ba shi zai ƙarasa majinyacin. Mutum ya ce maka abin ya fi tsanani da rana, kai kuma ka ce ya ƙara wa katin wuta? Sabon Shiga, abu uku nake so. Na ɗaya, sauke GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, ka turo min hoton shafinsa na farko. Na biyu, ka buɗe shafin Sensors, ka sa alama a wajen da yake adana bayanai a fayil, ka shiga wasan har ya ɗauke, in ka sake kunnawa ka karanto mana layukan ƙarshe. Na uku, buɗe murfin kwamfutar ka karanto min takardar da ke manne a jikin fawa sufulai, akwatin da ke ba kwamfutar wuta, layin da aka rubuta +12V.

Oga Gem: Baba, ai ni ban ce ya ƙona shi ba. Abin da na gwada ne na faɗa.

Baba Mai Gyara: Na sani. Naka sun yi aiki saboda fawarka mai kyau ce, na taɓa ganin irin da kake saya. Shi ba mu san tasa ba. Batun TdrDelay kuma bari in warware, don kullum sai an kawo shi a zauren nan kamar wani laƙani. Windows tana da mai gadi: in katin girafik ya yi daƙiƙa 2 bai amsa kira ba, sai ta kashe direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da katin, ta sake tayar da shi. Abin da za ka gani shi ne allo ya ƙyafta ya dawo, wasan ya rufe, a Event Viewer kuma, inda Windows ke rubuta matsalolin da suka faru, ka tarar da lamba 4101. In ka mayar da 2 ɗin nan 10, ba ka gyara komai ba, ka dai ce wa mai gadin ya ƙara haƙuri. Yana da amfani ga mai haɗa zane mai nauyi wanda katin kan daɗe a kan aiki ɗaya. Amma allon yaron nan ba ya dawowa ko kaɗan, fanka kuma tana tashi zuwa ƙarshe. Wannan kati ne da ya fice daga hayyacinsa gaba ɗaya, Windows ma ba ta same shi ba balle ta tashe shi.

Sabon Shiga: To Baba, ga abin da na samu. GPU-Z ya rubuta Shaders 2304, gudun katin 1340 MHz, na ma'ajiyarsa 2000 MHz. Layin ƙarshe kafin ya mutu: zafi digiri 88, fanka kashi 80 da wani abu, gudun kuma ba ya tsayawa a 1340, yana yawo tsakanin 1180 da 1260. Fawar an rubuta 500W da manyan baƙaƙe, ba sunan kamfani, sai hoton walƙiya. A layin +12V an sa 18A.

Ɗan Damagaram: Ka taki sa'a ta wani gefen, ɗan'uwa. Shaders su ne ƙananan injinan lissafi da ke cikin katin, kuma 2304 shi ne adadin na RX 580 na ainihi. Akwai wani da aka fitar domin kasuwar Sin, RX 580 2048SP, wanda in ka duba cikinsa RX 570 ne aka sauya wa riga. Ya cika kasuwa yanzu, masu sayarwa kuma ba sa faɗin wutsiyar sunan. Ba wai ba ya aiki ba ne, kawai kada a karɓi kuɗin babba a ba ka ƙarami.

Baba Mai Gyara: Madalla. Yanzu ɗauko biro mu yi lissafin 'yan firamare. Bolt 12 sau amfiya 18 nawa ke nan? Wat 216. Wannan shi ne ƙarfin fawarka na gaskiya a layin da katin da firosesa suke sha, in ma takardar ba ta yi ƙarya ba. 500 ɗin nan ado ne, sun tara na layukan 5 da 3.3 da ba ka buƙata sosai, suka ƙara gishiri. RX 580 kamfaninsa ya ce wat 185 yake ci. i5-4570 wat 84. Haɗa su: 269. Ba mu sa hadis da fankoki da bod ba. Ka ga jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi. Da a ce ka bi shawarar +50, da ka ba katin izinin neman ƙarin rabin abin da yake ci daga wajen wanda tun farko ba shi da shi.

Wata tambayar: ramin wutar katin mai ƙofa 8 ne. Da wace waya ka ciyar da shi?

Sabon Shiga: Fawar ba ta da irin wannan kan. Mai shagon ya ba ni wata 'yar waya, gefe ɗaya na shiga wayar hadis guda biyu, ɗaya gefen na shiga katin.

Baba Mai Gyara: Innalillahi. Kashe kwamfutar, zare wayar daga bango, ka ciro wannan 'yar wayar ka duba bakinta a haske. Ka shinshina ma.

Sabon Shiga: Baba, ɗaya daga cikin kawunan ya yi ruwan ƙasa, robar ta ɗan lotsa kamar an kusantar da ita ga kyandir. Tana warin ƙonannen roba.

Oga Gem: Kai! To na janye maganata. Wannan kam ban san da ita ba.

Baba Mai Gyara: Allah ya rufa asiri ba ta kama ba. Kan SATA, wato na wayar hadis ɗin nan, guda ɗaya an yi shi ne ya ɗauki kamar wat 54 a layin 12. Biyu sun ba ka 108. Rami mai ƙofa 8 kuwa an ƙera shi ya ja har wat 150, mai ƙofa 6 wat 75, ramin bod ɗin da katin ke zaune a ciki shi ma 75. Kuma sau da yawa kawunan biyu a kan igiya ɗaya suke, ka ga duk nauyin a kan siririyar waya guda ya tattaru. In ta yi zafi sai ƙarfin wutar ya faɗi, katin ya ji yunwa ya sume. Da rana ɗakin da zafi, abin sai ya zo da wuri. Wannan wayar kada ta sake komawa cikin kwamfutarka.

Anti Edita: Sannunku da aiki. Baba, in an gama da shi ni ma ina layi, kada a manta da ni.

Shugaban Zaure: Anti, kawo taki yanzu, ai zancen duk ɗaya ne. Amma jama'a a riƙa ambaton wanda ake ba amsa, kada magana ta cakuɗe.

Anti Edita: Na gode Shugaba. Ni bidiyon biki da suna nake haɗawa. Katina GT 730 ne mai 4GB. Na sake wa kwamfutar Windows, na sauke sabon direba daga shafin Nvidia, ya ƙi hawa, wai bai ga na'urar da ta dace da shi ba. Na nemo wani na baya, shi ma ya ƙi. Ga aikin mutane a hannuna, amarya tana kira safe da yamma.

Ɗan Damagaram: Anti, GT 730 suna ɗaya ne amma kati uku ne daban. Akwai mai tsohon ƙirar Fermi, akwai biyu masu ƙirar Kepler, ɗaya da DDR3 ɗaya da GDDR5. Buɗe GPU-Z ki duba Shaders. In kin ga 96 kuma Bus Width 128, Fermi ne, direbansa na ƙarshe 391.35 ne na shekarar 2018, duk wanda ya fi shi sabunta zai ƙi ki. In kin ga 384, Kepler ne, shi kuma jerin 470 zuwa 474 ne iyakarsa, tun 2021 Nvidia ta daina yi masa sabon direban wasa.

Anti Edita: 96 na gani. Wato tsohon ne ke nan. Amma ai 4GB ne, mai shagon ya ce ya fi mai 2GB.

Ɗan Damagaram: Rumbu ne babba da ƙaramar ƙofa. Yawan ma'ajiya ba ya ƙara wa kati gudu in injin cikinsa ba ya iya kwasa. Mai 384 da GDDR5, ko 1GB gare shi, zai bar naki a baya nesa ba kusa ba. Ki ɗora 391.35 zai hau. Sai dai in gaya miki gaskiya, manhajojin haɗa bidiyo na yanzu da yawa ba za su yi amfani da shi wajen hanzarta aiki ba. Wane firosesa gare ki?

Anti Edita: i5-6500.

Ɗan Damagaram: To ki gwada wani abu da zai ba ki dariya: ki cire katin gaba ɗaya, ki maƙala wayar allo a jikin bod. Girafik ɗin da ke cikin firosesarki, HD 530, yana da Quick Sync, wanda aikinsa ke nan buɗe bidiyo da matse shi. A wajen aikinki zai iya fin wannan katin amfani. Sannan ki riƙa yin yankan a kan ƙananan kwafi na bidiyon, waɗanda ake ce wa furoksi, sai lokacin fitarwa manhajar ta koma kan na asali.

Oga Gem: A ce mutum ya sayi kati da kuɗinsa kuma a ce ya cire ya ajiye? Ni wannan ban taɓa ji ba.

Anti Edita: Oga, in dai bidiyon amarya zai fita, ko a kan talla zan ɗora katin in sayar maka.

Sabon Shiga: Baba, na dawo. Na samo aron fawa a wajen abokina, mai wat 550, a layin +12V an rubuta 45A, kuma tana da nata kan mai ƙofa 8. Na yi awa ɗaya da rabi a wasan bai ɗauke ba. Alhamdu lillahi. Amma zafin har yanzu 86 zuwa 88, ƙarar fanka kuma har mahaifiyata ta leƙo ta tambaya ko injin markaɗe na sayo.

Baba Mai Gyara: To an kashe maciji, saura a sare kansa. Yanzu aka zo kan zafi, kuma kafin saiti sai an yi wanka. Katin nan na 2017 ne. Da yawa daga irinsa sun yi shekaru suna haƙar kirifto, wato lissafin samar da kuɗin intanet, ba dare ba rana, har zuwa Satumbar 2022 da Ethereum, ɗaya daga cikin manyan kuɗaɗen, ta daina amfani da katunan girafik, aka kwaso su aka zubo kasuwa. Ban ce naka yana cikinsu ba, amma ko bai yi haƙa ba man da ke tsakanin guntun, wato ƙwaƙwalwar katin, da ƙarfen sanyaya ya bushe tuntuni. Ƙara da ƙurar hunturunmu.

Ga yadda za ka yi. Ciro katin. Riƙe fanka da yatsa kafin ka hura mata iska da bulowa, kada ka bar ta tana juyawa kamar farfela, yana kashe mata ƙafa. Kwance sukurori huɗun nan na baya masu sifirin, kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan mai kallonta. In ƙarfen ya ƙi rabuwa, ka ɗan murɗa shi a hankali, kada ka fizga, kuma ka tuna akwai siririyar wayar fanka a maƙale. Za ka tarar da tsohon man ya zama kamar busasshen tuwo. Goge shi da sifirit da tsumma mai laushi har guntun ya yi ƙyalli kamar madubi. Sabon man ka shafe fuskar guntun duka da shi, siriri, domin guntun girafik tsirara yake, ba shi da murfin ƙarfe irin na firosesa, duk kusurwar da ba ta samu ba za ta yi zafi ita kaɗai.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne 'yan katifun nan masu laushi da ke kan ma'ajiya da wajen rarraba wuta. In ba su yage ba, bar su. In za ka sauya, sai ka sa masu kauri daidai da na da. Wani yaro ya taɓa kawo min kati ya sa masu kauri fiye da kima, suka ɗage ƙarfen daga kan guntun, zafi ya haura fiye da kafin ya taɓa shi, yana ta zagin man da ya saya.

Oga Gem: Wani ya ce min man goge baki ma yana yi.

Baba Mai Gyara: Yana yi, na kwana biyu, kuma katin zai yi ƙamshi. Oga Gem, kai dai ba ka rabo da ja na da magana.

Sabon Shiga: An yi wanka Baba. Tsakanin fanka da ƙarfen na ciro wata dunƙulalliyar ƙura kamar audugar katifa, ta toshe kusan rabin hanyar iska. Yanzu zafi 77, gudun kuma ya tsaya cak a 1340.

Oga Gem: Yawwa! To yanzu da fawa ta samu, zafi ya sauka, sai a ƙara masa gudu. Irin katin nan da yawa suna kai 1400 har sama. Kyauta ce, me zai sa ka bar ta?

Baba Mai Gyara: Ni kuma akasin haka zan ce masa: ya rage.

Oga Gem: Baba, wannan fa shi ne inda ba ma jituwa. Yaro ya sayi kati don ya more shi. Kai kullum rage, rage. In haka ne ai gara ya sayi RX 570 tun farko ya huta.

Baba Mai Gyara: Bari mu auna ribar da asarar. Daga 1340 zuwa 1400 ƙarin bai kai kashi 5 cikin 100 ba. In wasa na ba shi firem 60, wato hoto 60 a daƙiƙa, ya koma 62 ko 63, in ma firosesarsa ta bari. Idonsa ba zai gani ba. Amma wutar da kati ke ci tana tafiya ne da bolt sau kansa, sannan sau gudu. 'Yan matakan ƙarshen nan su suka fi tsada, don sai an ƙara bolt kafin su tsaya. Shi ma RX 580 ɗin ai RX 480 ne aka matsa wa, aka ɗaga shi daga wat 150 zuwa 185 don a samu ɗan ƙarin gudu. Wato tun daga masana'anta an riga an kai shi bakin gaɓa. Kai kuma kana so a tura shi gaba, a ɗakin da a watan Afrilu zafinsa ke haura 40, a kan na'urar rarraba wuta da ta shekara da shekaru tana gasuwa.

In ka sauko da bolt ɗin kuwa, ribar a bayyane take. Kamfani yana sa bolt mai yalwa don ko mafi raunin guntu ya tsaya. Yawancin katunan ba sa buƙatar duka.

Ɗan Damagaram: Ina bayan Baba a nan, da hujja daga ɗakina. GTX 970 gare ni, irin wanda kamfani ya ƙara wa gudu tun daga kwali. Ya yi shekaru lafiya, sai ya fara fitar da ni daga wasa, direba ya faɗi ya tashi. Na sauya direba ya fi sau biyar a banza. Ashe tsufa ne, gudun da yake iya riƙewa da yana sabo ya fi ƙarfinsa yanzu. A Nvidia Control Panel, ƙarƙashin Help, akwai Debug Mode, yana mayar da kati gudun asali na Nvidia. Da na kunna shi faɗuwar ta tsaya. Sai na je manhajar MSI Afterburner na rage 80 MHz na bar shi a haka dindindin. Ban ga bambanci a wasa ba, sai dai na daina zagi da tsakar dare.

Oga Gem: Naku na gida ne. Ni a shago in yaro ya ga na maƙwabcina ya fi nawa santsi, can zai koma da kuɗinsa.

Ɗan Damagaram: Santsin ai ba yawan firem ba ne, daidaituwarsu ce. Allonka 60 yake nunawa a daƙiƙa. Katin da ke tsalle daga 90 zuwa 50 ya fi wanda ya tsaya a 60 cak kawo sarƙewa a ido. Ka ɗaure firem ɗin a 60 ka gani. Kuma in wasa ya mutu ana 2 da 1 a minti na 80, wannan yaron ba maƙwabci kaɗai zai koma ba, sai ya ba duk unguwa labari.

Sabon Shiga: To Baba, ya ake ragewar? Ina tsoron in lalata.

Baba Mai Gyara: Rage bolt ba ya ƙona kati. Mafi munin abin da zai faru shi ne wasan ya faɗi, ka mayar da lambar baya. Amma ka fara da share direba, musamman in a baya akwai wani katin a kwamfutar. Sauke direban AMD ka ajiye. Ka lura, tun 2023 sun ware wa su RX 400 da 500 da Vega nasu reshen direban daban, saboda haka ta sunan katinka za ka nema, ba wanda ka fara gani a shafin ba. Sauke DDU, manhajar share tsohon direba. Cire intanet, in ba haka ba Windows za ta riga ka ta ɗora nata. Shiga Safe Mode, share tsohon, sake kunnawa, ɗora sabon. Ka zaɓi Full Install, domin ƙananan zaɓin biyu ba su zuwa da shafin Tuning.

A shafin za ka ga matakai har zuwa na 7, kowanne da gudunsa da bolt ɗinsa. Na 7 shi ne na aiki mai nauyi, wataƙila ka tarar da shi wajen milibolt 1150. Rage 25, ka kunna Unigine Heaven, manhajar gwada ƙarfin kati, na rabin awa. In lafiya, sake rage 25. Kada na 6 ya fi na 7 bolt, ka sauko da shi ma. Ranar da ka ga ɗige-ɗige a allo ko wasa ya faɗi, koma baya mataki ɗaya, ka ƙara wani matakin don ajiya. Sharaɗi ɗaya: abu guda za ka riƙa sauyawa a lokaci guda, kana rubutawa a takarda. In ka taɓa bolt da gudu da ma'ajiya da fanka a tare, ya faɗi, wa za ka kama?

Gudun ma'ajiya ka bar shi a 2000. In katin ya yi haƙa, ita ce ta fi shan wahala. In ka fara ganin ƙananan murabba'ai masu launi, ka sauko da ita 1900 ka gani. In sun ci gaba har a allon farko kafin Windows ta buɗe, wannan ya wuce saiti.

Oga Gem: Wannan sai a gasa shi da bindigar zafi, yana dawowa.

Baba Mai Gyara: Yana dawowa ya yi sati uku, daidai lokacin da za a sayar wa wani bawan Allah. Kada in ji wannan a bakinka kuma.

Anti Edita: Ɗan Damagaram, Allah ya saka da alheri. Na cire katin, bidiyon ya daina tsayawa in ina yanka, an fitar da na amarya jiya. Yanzu ina son in tara kuɗi in sayi na kirki. An nuna min GTX 1050 Ti da araha sosai, sabo fil a kwali.

Ɗan Damagaram: Anti, tsaya. Duba bayansa, akwai ramin VGA, shuɗin nan mai ƙofa 15? Jerin GTX 10 sun bar wannan hanyar, saboda haka in kin gan shi a jikin 1050 Ti ki yi shakka. Akwai na jabu da yawa, tsohon GTS 450 ne ko makamancinsa aka sauya wa suna a cikin BIOS. Windows za ta nuna miki 1050 Ti mai 4GB, amma da aiki ya wuce ainihin ma'ajiyarsa sai ya faɗi. Na gaske Shaders 768 gare shi. Ki tafi da GPU-Z a filas, a gwada a gabanki, sabbin fitowarsa ma suna rubuta FAKE a gaban sunan in sun gane shi. In mai shago ya ƙi a gwada, kin samu amsarki.

Anti Edita: Akwai shuɗin ramin kuwa. Araha ba ta ado.

Sabon Shiga: Rahoto. A gudun 1340 na sauko da bolt har milibolt 1075 lafiya, a 1050 ya faɗi bayan minti goma. Na tsaya a 1100. Na ɗaure firem a 60. Zafi yanzu 68 zuwa 70 da tsakar rana, fanka ba a jin ta sai an kasa kunne. Abin da GPU-Z ke nunawa na cin wuta ya sauko daga wajen 140 zuwa ƙasa da 100. Tunda haka ne Baba, ba zan iya mayar da tsohuwar fawata ba? Abokina yana neman tasa.

Baba Mai Gyara: A'a. Lambar da kake gani ta guntun ce kaɗai, ba ta haɗa da ma'ajiya da fanka da abin da ke salwanta a wajen rarraba wuta ba. Sannan ga babban dalili: in aka ɗauke wuta kwamfutar na kunne, manhajar AMD takan ɗauka saitinka ne ya kayar da ita, sai ta mayar da komai yadda ya zo daga kamfani, ta ɗan nuna saƙo a gefe wanda ba lallai ka lura ba. A garin da ake ɗauke wuta sau nawa a yini? Ka shiga wasa kana zaton kana 1100, ashe ka koma 1150 a kan fawa mai 18A da wayar da ta riga ta narke. Ka ajiye saitin a fayil, duk sanda wuta ta ɗauke ka duba ka sake lodawa. Ka kuma kashe Fast Startup a saitin wutar Windows, shi ma yakan sa saitin ya ƙi zama.

Oga Gem: Jiya da daddare bayan yara sun watse na gwada a na'ura ɗaya. Na mayar da Power Limit sifili, na rage milibolt 50, na ɗaure firem a 60. Ba zan ce Baba ya yi gaskiya ba tukuna, sai na ga ƙarshen wata. Amma injin janareta ya daina canza murya in an fara wasa a kanta.

Baba Mai Gyara: Saura biyar.

Sabon Shiga: Na roƙi abokina ya bar min fawar zuwa Asabar. Baba, in na shiga kasuwa zan turo maka hoton takardar jikinta kafin in biya.

Baba Mai Gyara: Turo. Layin +12V nake son gani, kada ya gaza 40A, kuma ka ƙirga ƙofofin kan wayar da idonka. Ka ɗaga ta ka ji nauyinta a hannu, in ta yi maka kamar gwangwanin madara ka ajiye musu.